Madarumfa a gefen Maraɗi: tarihin gari da abubuwan more rayuwarsa

1. Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar da ta shigo Maraɗi daga kudu da sassafe, ranar Litinin ko ranar Juma'a, watau ranakun da kasuwar birnin ke ci, zai ga motoci da babura da amalanke suna shigowa ɗauke da kifi, da zogale, da tattasai, da itace. Da la'asar kuma su juya da shinkafa, da siminti, da kwanon rufi, da magani. Mafi yawan wannan kai da kawo tsakanin Maraɗi ne da ƙasar Madarumfa.

Garin Madarumfa yana wajen kilomita 25 kudu da Maraɗi, a bakin tabkin da ake kira da sunansa. A ƙidayar jama'a ta 2012, mazauna cikin garin sun kai wajen 12.000, na kwamin ɗinsa sun wuce 70.000, na gundumar baki ɗaya kuwa sun wuce 448.000. A wannan shekara birnin Maraɗi yana da mutum 267.249. Ke nan karkarar da ke kudu da birnin ta fi birnin kansa yawan jama'a.

Tambayar da muke son amsawa a cikin wannan ƴar maƙala ita ce: shin Madarumfa gari ne mai cin gashin kansa, ko ko ta zama wata unguwa ta Maraɗi wadda gonaki kawai suka raba da uwarta? Amsar tana da nauyi, domin ita ke nuna inda za a gina asibiti, da wanda ke da ikon yanka fili, da wanda alhakin kula da tabki ya rataya a wuyansa. Za mu fara da kalmomi da sunaye, sa'an nan mu bi tarihi, daga nan mu dubi tabki da daji, kana mu ƙididdige abubuwan more rayuwa da matsalolin da ke tattare da su.

2. Kalmomi da sunaye

Bahaushe ya daɗe da rarrabe wuraren zama. Birni shi ne wanda ganuwa ta kewaye, mai sarki da fada. Gari yana da mai gari da kasuwa. Ƙauye ya fi gari ƙanƙanta. Unguwa yanki ce ta gari ko ta birni. Tunga da zango kuwa wuraren zama ne da suka fara a matsayin na wucin gadi. Abin da babu shi a wannan jeri shi ne kalma ɗaya tak mai nuna gari wanda mutanensa ke kwana a cikinsa amma abincinsu yana rataye da wani birni na kusa. Kanawa suna cewa Waje ga unguwannin da ke bayan ganuwa, amma Madarumfa ta yi nisa da za a kira ta haka. Bayan gari kuma yana da wata ma'ana ta sakaya zance wadda kowa ya sani. Saboda haka a nan za mu riƙa cewa garin gefen birni.

Game da tsarin mulki, za mu ce jaha ga yankin da gwamna ke riƙe da shi, gunduma ga wanda perefe ke riƙe da shi (takardun gwamnati suna kiran sa departama), kwamin kuma ga ƙaramar hukuma.

Sunan garin yana da fuska biyu a rubuce. Takardun hukuma da taswira da allunan bakin hanya suna ɗauke da Madarounfa, bisa ƙa'idar rubutun Faransanci inda haruffa biyu, o da u, ke wakiltar wasali ɗaya. Mu kuwa mun rubuta Madarumfa, domin a cikin kalma ɗaya baƙin hanci yakan koma m a gaban b da f, kamar yadda ake rubuta tambaya da rumfa. A bakin tsofaffi da yawa na wannan yanki kuma ana jin Madarunhwa, tun da karin harshen yammaci yana sa hw inda Kananci ke sa f a gaban wasalin a. Haka rubutun Turawa ya yi da sauran sunaye: Jiratawa ta zama Djirataoua, Ɗan Isa ta zama Dan-Issa, Tsibiri ta zama Tibiri, Maraɗi kuma ta rasa ƙugiyar harafinta. Wanda ke neman tarihin wuri a tsofaffin takardu tilas ya san fuskokin biyu, in ba haka ba ya ɗauki gari ɗaya a matsayin garuruwa biyu.

3. Tarihi a taƙaice

3.1. Kafin zuwan Turawa

Kwarin Gulbin Maraɗi yanki ne na arewacin tsohuwar ƙasar Katsina. Mazaunansa na farko da aka sani manoma ne da mafarauta da masunta, waɗanda ake kira Anna, kowace zuriya da gadonta: wasu na noma, wasu na daji, wasu na ruwa. Guy Nicolas ya yi shekaru yana nazarin wannan tsari a cikin kwarin.

Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a wajajen 1807, aka naɗa Umarun Dallaji, sai tsohon gidan sarauta ya yi hijira arewa. Sarki Magajin Halidu ya rasu a Ɗankama. Ɗan Kasawa ya wuce Damagaram, sa'an nan a wajajen 1819 ya zauna Maraɗi, bayan mutanen kwarin sun yi wa wakilin Fulani bore. Tun daga lokacin, mai sarautar Maraɗi Sarkin Katsina ake kiran sa, har yau kuwa wannan laƙabi bai sake ba. A 1836, a yaƙin Gawakuke, rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Katsina Rauda da Sarkin Gobir Ali. Gobirawa suka kafa sabon birninsu a Tsibiri, dab da Maraɗi. Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta sama da shekara 20 a tsakiyar wannan ƙarni, ya yi ta kai hari kudu cikin ƙasashen da ke bin Sakkwato.

Abin da ya shafe mu a cikin wannan labari shi ne matsayin ƙasar Madarumfa: tana tsakanin Katsina biyu masu gaba da juna, ta Maraɗi da ta birni. Rundunar da ta tashi daga arewa ta nan take bi, wadda ta zo ramuwa daga kudu ma haka. Wannan ya sa jama'a suka takure cikin kwari, a garuruwa masu kafi, kusa da ruwa da duhuwar itace inda doki ba ya iya sukuwa. Ƙasar da ke kudu da yamma kuwa ta koma daji, wanda ragowarsa ita ce dajin Baban Rafi a Nijar da dajin Rugu a Nijeriya. Ke nan, tun farkonta, Madarumfa garkuwa ce ta Maraɗi ta fuskar kudu.

3.2. Zamanin mulkin mallaka

Faransa da Ingila sun yi yarjejeniya har huɗu kan iyakar wannan yanki, a 1890, da 1898, da 1904, da 1906. Ta 1904 da ta 1906 su ne suka bar Maraɗi a hannun Faransa. Daga 1906 zuwa 1908, tawagar Tilho da O'Shee ta bi ƙasa tana kafa alamun iyaka. Layin ya ratsa tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, ya raba dangi da dangi, ya kuma raba gulbi da mafarinsa.

Da yaƙe-yaƙe suka lafa, mutane suka fita daga kafi suka hau jigawa suna sassabe, sababbin ƙauyuka suka yi ta tsirowa. A 1927 aka mayar da mazaunin kwamanda daga Tasawa zuwa Maraɗi, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, gyaɗa ta zama abin biyan haraji. Gyaɗar kwarin ta fara bin hanyar Kano, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1911. Daga 1953 kuma aka karkata ta zuwa Kwatano ta ƙasar Dahome. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon birnin Maraɗi da ke cikin kwari, aka sake yanka shi a kan tudu da tituna miƙaƙƙu. Daga wannan shekara birnin ya samu filin da zai yi ta faɗaɗa a kansa, garuruwan kwari kuwa suka tsaya inda ruwa ya tsayar da su.

3.3. Bayan ƴancin kai

Gyaran tsarin mulki na 1964 ya kasa Nijar gida 7, ƙarƙashinsu kuma arondisma 32. Daga baya aka raba birnin Maraɗi da karkararsa, aka mayar da mazaunin su-perefe zuwa Madarumfa. Wannan mataki shi ne ya kawo wa garin ofisoshi, da jandarma, da ma'aikata masu albashi. Farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974 ya karya noman gyaɗa, amma bai karya Maraɗi ba: alhazan birnin, waɗanda Emmanuel Grégoire ya yi nazari a kansu, suka koma cinikin ƙetare iyaka da Nijeriya, hanyar wannan ciniki kuwa ta ƙasar Madarumfa ta bi.

Dokokin 1998 da 2002 suka mayar da arondisma gunduma, suka kuma kafa kwamin-kwamin. Zaɓen farko na majalisunsu an yi shi a Yuli 2004. Gundumar Madarumfa ta samu kwamin 6: Madarumfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo, da Sarkin Yamma. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomin soja suka rushe zaɓaɓɓun majalisu a Afrilu 2024, suka naɗa masu riƙo a madadinsu.

4. Tabki, daji da kushewun waliyyai

Tabkin Madarumfa ba ya ƙafewa, abin da ba a cika samu ba a jahar Maraɗi. Gulbin Gabi ne ke zuba masa mafi yawan ruwansa, Gulbin Maraɗi kuma yana ƙara masa idan ya cika ya batse. A ƙarshen damina mai kyau faɗinsa yakan kai wajen hekta 800, sa'an nan ya riƙa janyewa har bazara. Wannan janyewa ita ce arzikin manoman rani, domin laka mai danshi da ruwa ya bari ita suke shukawa. Masunta suna kama karfasa da tarwaɗa da gaiwa. Mata suna soyawa ko su yi banda, dillalai kuma su kai Maraɗi. Makiyaya suna shayar da dabbobi a nan, tsuntsaye masu ƙaura ma suna sauka.

Arewa da tabkin akwai daji na hekta 830 wanda aka killace tun zamanin Turawa, inda har yanzu ake ganin kuka da ƙirya da faru. A kewayen ruwan kuma akwai kushewun da ake dangantawa da waliyyai 99. Ba dukkansu ne aka san wurinsu ba, adadin kuma ya yi daidai da na sunayen Allah kyawawa, abin da ke nuna cewa lissafin na albarka ne. Masu ziyara suna zuwa daga Nijar da Nijeriya, wasunsu kuma suna ba da labarin wani haske da ake gani a kan kushewun da dare. Tun da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi ƙarfi a Maraɗi a shekarun 1980, malamai sun rabu kan wannan ziyara: wasu na ganin ta neman tabarraki, wasu na ganin ta bidi'a. Ba aikinmu ba ne mu raba wannan gardama. Abin da za mu lura da shi kawai shi ne, girmamawar da ake yi wa wurin ta taimaka wajen kare itatuwan da ke kusa da kushewun daga gatari.

A 2006 gwamnatin Nijar ta sa dajin da tabkin da kushewun cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. A 2019 kuma aka sa tabkin ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971, Nijar ta shige ta a 1987.

Sai dai takarda ba ta hana yashi tafiya. Idan aka sare itace a kan tudu, ruwan sama yakan kwaso ƙasa ya zuba a gulbi, gulbi ya kai ta tabki, zurfi ya ragu. Ruwa marar zurfi kuma ya fi saurin bin iska a watannin zafi. Bugu da ƙari, Gulbin Maraɗi a Nijeriya ya faro, inda ake kiran sa Gada, kuma tun farkon shekarun 1990 madatsar ruwa ta Jibiya ke tare shi kafin ya shigo Nijar. Ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri a Yuli 1990 kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kansa, Gulbin Maraɗi yana ciki. Duk da haka, mabuɗin madatsar yana wancan gefen iyaka, manomin fadama a wannan gefe kuwa sai abin da aka sako masa.

5. Abubuwan more rayuwa

5.1. Hanya da sufuri

Hanyoyi biyu ne suka fi muhimmanci. Ta farko ita ce tsohuwar hanyar kwalta da ta tashi daga Maraɗi ta bi Ɗan Isa, inda ofishin duwan yake, ta shiga Jibiya ta wuce Katsina. Ta biyu ita ce wadda ta bi ta Madarumfa ta nufi iyaka, wadda aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa mata kwalta a zamanin mulkin Issoufou Mahamadou. A kan hanyoyin biyu, ƙananan motocin haya da ƴan kabu-kabu ne ke ɗaukar jama'a. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, shi ya sa ma'aikata da dama da aka turo Madarumfa suke barin iyalinsu a Maraɗi, su zo da safe su koma da yamma. A nan ya kamata mu lura da wani abu: a manyan biranen Turai, mutum a gefen birni yake kwana, ya shiga birni aiki, a nan kuwa ma'aikaci a birni yake kwana, ya fito gefe aiki. Albashin da aka samu a Madarumfa a Maraɗi ake kashe shi.

A Fabrairu 2021 Nijeriya ta aza harsashin hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Daura da Katsina da Jibiya. Zanen hanyar ya ratsa gundumar Madarumfa, domin babu wata ƙasa tsakanin Jibiya da Maraɗi sai ita.

5.2. Kasuwa da sana'a

Ɗan kasuwar wannan yanki da kuɗi biyu yake lissafi, sefa da naira, kuma da kasuwa biyu yake auna farashi, ta Maraɗi da ta Jibiya mai ci ranar Lahadi. Duk abin da ya taɓa ɗaya daga cikin kuɗin biyu sai an ji shi a cikin tukunya. An ga haka lokacin da aka karya darajar sefa a Janairu 1994. An sake gani lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta a Agusta 2019, ƙofar Jibiya ba ta buɗe ba sai a Afrilu 2022. An kuma gani bayan takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma na Yuli 2023, wanda ya rufe iyakar har Maris 2024. Ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da man fetur cikin kwalabe a bakin hanya, sun daɗe suna rayuwa da arahar man Nijeriya, har zuwa Mayu 2023 da aka janye tallafin mai a can.

Ta fuskar noma, babban abin da gwamnati ta kafa shi ne filin noman rani na Jiratawa, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1980, mai faɗin sama da hekta 500. Injuna masu aiki da lantarki ne ke jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse, manoma suna cikin ƙungiyoyin haɗin guiwa, hukumar ONAHA kuma tana ba su shawara. Zogalen da ake kwaɗawa a gidajen Maraɗi, da yawansa daga nan yake fitowa. A 2021 aka gano zinariya a ƙasar Ɗan Isa, dubban matasa suka yi ca a wurin. A Nuwamba na wannan shekara ramuka suka rufta, aƙalla mutum 18 suka rasu.

5.3. Ruwa da lantarki

Ruwan ƙasa ba shi da nisa a cikin kwari, don haka rijiya ba ta da wuyar haƙawa. A kan jigawa ne ake shan wahala. A cikin gari akwai famfo na gida da na unguwa. Kamfanin da ke sayar da ruwan birane a Nijar ya koma hannun gwamnati a farkon 2024. Lantarki kuwa, wanda jama'a ke kira kuran, kamfanin NIGELEC ne ke rarraba shi, amma tushensa layin da ya taso daga Katsina ya shigo ta Gazawa, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Da Nijeriya ta yanke wuta a Agusta 2023, abin bai tsaya ga fitila da fanka ba: injin da ke cika tankin ruwa, da firjin da ke ajiye maganin rigakafi, da famfunan noman rani, duk a kan wannan layi suke. Wutar ba ta dawo ba sai a Maris 2024.

5.4. Kiwon lafiya

Tsarin lafiya hawa uku ne: ɗakin shan magani na ƙauye, da ƙaramin asibiti mai kula da ƙauyuka da dama, da asibitin gunduma a Madarumfa. Abin da ya fi ƙarfin wannan sai a tura shi Maraɗi. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Lokacin da asibitoci suka fi cika shi ne daga Yuli zuwa Oktoba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sauro kuma ya yi yawa, tamowa da zazzaɓin cizon sauro suka haɗu a jikin yaro ɗaya. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda aikinta a jahar ya faɗaɗa tun yunwar 2005, ta daɗe tana tallafa wa sashen yara a Madarumfa da Ɗan Isa, iyaye mata kuma suna kawo ƴaƴansu har daga jahar Katsina.

Iyaka ba ta tare cuta. Annobar amai da gudawa ta 2018 a wannan gunduma ta fara, a farkon Yuli; kafin ta lafa ta kama sama da mutum 3.800 a Nijar, ta kashe 78, fiye da rabin waɗanda suka kamu kuwa a ƙasar Madarumfa suke. Akwai kuma abin da duniya ta samu daga nan. A wannan gunduma aka gwada wani maganin rigakafin gudawar jarirai, na ɗigawa a baki, wanda zafi ba ya lalata shi da wuri. An bi jarirai sama da 3.500, sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna yana rage gudawa mai tsanani da wajen kashi 67 cikin 100, a 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Matan ƙauyukan Madarumfa da suka yarda aka gwada shi a kan ƴaƴansu suna da rabo a cikin wannan nasara.

5.5. Makarantu

Yaron Madarumfa yana iya yin lakwal tun daga ajin farko har ƙarshen sakandare ba tare da ya bar garinsu ba, ga kuma makarantun allo da na islamiyya a kowace unguwa. Jami'ar Maraɗi, wadda aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, ta rage wa ɗalibai nisan Yamai. Matsalar tana ƙauyuka, inda yawan yara ya fi yawan azuzuwa, sai a kafa rumfar zana bayan girbi, abin da ke jinkirta buɗe makaranta. Gobarar da ta kashe yara aƙalla 25 cikin irin waɗannan rumfuna a Maraɗi a Nuwamba 2021 ta nuna haɗarin abin.

6. Matsaloli biyu: ƙasa da tsaro

Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa mace a jahar Maraɗi tana haihuwar ƴaƴa 8,4 bisa matsakaicin lissafi, sama da 7,6 na ƙasa baki ɗaya. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki goma ne ko fiye za su raba shi. Idan gona ta ƙanƙance, gamanar da ake ba mace da saurayi ita ke fara ɓacewa. Marthe Diarra Doka da Marie Monimart sun bayyana wannan a 2004 game da kudancin jahar. A lokaci guda kuma birnin Maraɗi yana yanka filaye a gefensa, masu kuɗinsa suna sayen gonaki da garake a ƙasar Jiratawa da Safo da Madarumfa. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa masu ba da takardar shaida, amma talaka da yunwa ta matsa wa ba ya jiran kwamiti. Yau ya sayar, baɗi ya dawo ƙwadago a gonar ubansa. Abin da ke ba da ƙarfin guiwa shi ne sassaben zamani, watau barin tohon itace ya girma cikin gona, wanda ya faro a jahar Maraɗi a shekarun 1980 ya kuma dawo da gawo da ƙalgo a wurare da yawa.

Matsala ta biyu ita ce tsaro. Daga ƙarshen shekarun 2010, ƴan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane suka riƙa ƙetarowa, suna fakewa a dazuzzukan iyaka. Kwamin-kwamin na Gabi da Safo da Sarkin Yamma da Ɗan Isa sun ɗanɗana. Daga 2019 kuma dubun dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka nemi mafaka a jahar Maraɗi. Dajin da yaƙin ƙarni na 19 ya haifar, shi ne ya sake zama mafakar mahara. Manomin da ke tsoron kwana a ƙauye yana matsowa gari, na gari yana matsawa birni, kowane mataki kuma yana ƙara wa famfo da aji da gadon asibiti nauyi.

7. Kammalawa

Mu koma ga tambayarmu ta farko. Ta fuskar mulki da tarihi, Madarumfa gari ne mai kansa: yana da perefe, da sarauta, da tabki da kushewun da suka sa aka san sunansa har wajen Nijar. Ta fuskar abinci da albashi da fili kuwa, garin gefen birni ne, kuma birnin ba ɗaya ba ne. Kasuwarsa tana Maraɗi, ruwan gulbinsa yana hannun Jibiya, lantarkinsa ta Katsina yake biyowa. Abubuwan more rayuwa suna nan, amma mabuɗin kusan kowannensu yana wani wuri.

Saboda haka muna ganin abu uku ya kamata a sa gaba. Na ɗaya, birnin Maraɗi da kwamin-kwamin da ke kewaye da shi su yi tsarin yanka filaye tare, a keɓe fadama da gonakin kwari kada gini ya hau su. Na biyu, a riƙa tashe da batun ruwan gulbi a zaman hukumar haɗin guiwa ta Nijar da Nijeriya, wadda aka kafa tun 1971, tare da dasa itace a tudun da ke zuba wa tabki yashi. Na uku, a ba asibiti da tankin ruwa da famfunan noman rani lantarki mai aiki da hasken rana, yadda rikicin siyasa ba zai sake kashe su ba. Idan tabkin ya cike, ko gonakin suka koma filaye, Maraɗi ce za ta fara jin abin a farashin kifi da ganye, kafin ta ji shi a yawan baƙin da za su sauka a unguwanninta.